Cajin motocin lantarki a Sakkwato

Cajin motocin lantarki a Sakkwato ya samu wurinsa na farko a hukumance a watan Afrilun 2021, lokacin da Hukumar Tsarawa da Bunƙasa Ƙirar Motoci ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NADDC, ta ƙaddamar da tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Ita ce ta farko cikin tashoshin gwaji guda uku da hukumar ta tsara kafawa a jami'o'in Najeriya. Sauran biyun su ne ta Jami'ar Legas da ta Jami'ar Najeriya da ke Nsukka.

Gwamnatin tarayya ce ta gina tashar domin gwaji da bincike. A ƙasashen da motocin lantarki suka yawaita, 'yan kasuwa ne ke kafa akasarin wuraren caji, kuma sau da yawa kamfanin rarraba wuta ko gwamnati kan mayar musu da wani kaso na kuɗin da suka kashe. A Najeriya tallafin da aka fi sani ya zo ne ta hanyar yafe haraji da gina tashoshin gwaji. Babban abin da ya jawo wannan bambanci shi ne ƙarancin wutar lantarkin kanta.

## Tarihi

An kafa hukumar NADDC a shekarar 2014, bayan an haɗe wasu hukumomi biyu na gwamnatin tarayya da ke kula da harkar ƙera motoci. A shekarar 2017 Shugaba Muhammadu Buhari ya naɗa Jelani Aliyu ya zama babban daraktanta. Jelani ɗan asalin Jihar Sakkwato ne, an haife shi a Kaduna a 1966. Ya yi karatun sakandare a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato, ya wuce kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, daga nan ya tafi birnin Detroit na Amurka inda ya karanci zanen motoci. Ya shiga kamfanin General Motors a 1994, kuma ya yi suna ne da zanen samfurin farko na motar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007. Ya riƙe shugabancin hukumar har zuwa watan Oktoban 2023.

A watan Nuwamban 2020 aka nuna motar Hyundai Kona mai aiki da lantarki a Legas. Kamfanin Stallion ne ya harhaɗa ta, kuma ana ɗaukar ta a matsayin motar lantarki ta farko da aka harhaɗa a Najeriya. An sake gabatar da ita a Abuja a watan Fabrairun 2021. Batirinta na ɗaukar yunit 64 na wuta, kuma kamfanin ya ce tana iya cin kilomita 482 kafin a sake yi mata caji. Fitowar motar ta sa aka fara tambayar inda za a riƙa yi mata caji a ƙasar da ake yawan ɗauke wuta. Tashar Sakkwato ta zo bayan 'yan watanni, ta Legas kuma ta biyo baya a watan Yulin shekarar.

Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, ta daɗe tana aiki kan makamashin rana. A nan ne Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato take, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Makamashi ta Najeriya, kuma tun farkon shekarun 1980 take gwaje-gwaje kan farantan sola, da murhun girki mai amfani da rana, da na'urorin busar da amfanin gona.

## Tsarin tashar jami'a

Bisa bayanin da hukumar ta bayar, tashar ta ƙunshi farantan sola 60, da inbata uku masu ƙarfin kVA 5 kowacce waɗanda aka haɗa suka ba da kVA 15, da batura 36 da ke iya ajiye wuta har kusan yunit 95. Farantan na tara wuta da rana, batura su ajiye ta, inbata kuma ta juya ta zuwa irin wutar da mota ke karɓa ta soket.

Wannan girma ya dace da gwaji da koyarwa. Wutar da baturan ke ajiyewa ta kai kusan ɗaya da rabi na abin da batirin motar Kona ke ɗauka, wato motoci kaɗan tashar za ta iya cikawa daga tushe a yini guda. Tashar kasuwanci da ke bakin babban titi na buƙatar ninkin wannan sau da yawa.

## Nau'o'in na'urorin caji

Ana auna ƙarfin na'urar caji da kilowat, ana kuma auna yawan wutar da aka sha da kilowat a cikin awa ɗaya, abin da masu sayen wutar mita suka sani da yunit. Na'ura mai ƙarfin kilowat 7 tana ba da yunit 7 a cikin awa guda. Na'urorin sun kasu gida uku:

* Cajin soket na gida. Ana amfani da soket irin na ɗaki. A Najeriya, inda ƙarfin wutar gida yake volt 230, irin wannan caji kan ba da kilowat 2 zuwa 3. Cika babbar mota da shi na iya ɗaukar fiye da kwana ɗaya, amma ya wadatar wa babur da Keke Napep.
* Matsakaicin caji. Na'ura ce ta musamman da ake kafawa a bango ko kan ginshiƙi, mai ƙarfin kilowat 7 zuwa 22. Da kilowat 7 motar Kona na cika a cikin kimanin awa tara da rabi. Ita ce aka fi sakawa a otal-otal, ofisoshi, makarantu da asibitoci, inda mota kan jima a ajiye.
* Caji mai sauri. Na'urar na tura wuta kai tsaye cikin batir da ƙarfin kilowat 50 zuwa 350. Mota na iya kaiwa kashi 80 cikin 100 a tsakanin minti 20 da awa ɗaya da 'yan mintoci, gwargwadon ƙarfin na'urar da na motar. Ita ce mafi tsada, kuma ita ta dace da gidajen mai da tashoshin mota.

Bakin fulogin ma ya sha bamban. Motocin Turai na amfani da Type 2 da CCS2, na ƙasar Sin suna amfani da GB/T, tsofaffin motocin Japan kuma CHAdeMO. Da yake Najeriya na shigo da motoci daga duk waɗannan wurare har da Amurka, mai tasha kan buƙaci fulogi fiye da iri ɗaya.

Akwai kuma tsarin musayar batir, inda mai babur ke ajiye batirin da ya ƙare ya karɓi cikakke cikin 'yan mintoci. Kamfanin Ampersand na yin haka a Ruwanda, kamfanin Spiro kuma a Benin da Togo da wasu ƙasashe, kuma ya shigo Najeriya ta Jihar Ogun a 2024.

## Wutar lantarki a Sakkwato

Kamfanin Kaduna Electric ne ke rarraba wuta a jihohin Kaduna, Kebbi, Sakkwato da Zamfara. Yana ɗaya daga cikin kamfanonin rarraba wuta 11 da aka fitar daga tsohuwar hukumar NEPA, wadda ta koma PHCN a 2005. An miƙa yawancinsu ga 'yan kasuwa a watan Nuwamban 2013, shi kuwa na Kaduna sai a Disamban 2014. A watan Janairun 2024 Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta Najeriya, NERC, ta rushe hukumar gudanarwar kamfanin saboda bashin da ya kai kimanin naira biliyan 110.

Sakkwato tana can ƙarshen layi. Wutarta na fitowa daga yankin madatsar ruwa ta Kainji zuwa Birnin Kebbi a kan babban layi mai ƙarfin kilovolt 330, daga nan ta ƙaraso a kan layi mai kilovolt 132. Duk matsalar da ta samu wannan hanya kan shafi birnin gaba ɗaya. A watan Satumban 2023 gobara ta tashi a tashar wuta ta Birnin Kebbi, abin da ya jefa Kebbi da Sakkwato da wani ɓangare na Zamfara cikin duhu. A ƙasa baki ɗaya kuwa, wutar da ake iya turawa a babban layi ta daɗe tana tsakanin megawat 4,000 da 5,000, ga al'ummar da ta haura miliyan 200.

Tun daga 2020 an kasa masu amfani da wuta rukuni biyar bisa awannin da aka yi alkawarin ba su a rana. Rukunin A na samun aƙalla awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin rukunin A daga kusan naira 68 zuwa naira 225 kan kowane yunit. An rage shi zuwa naira 206.80 a watan Mayu, sannan ya koma naira 209.50 a watan Yuli. Tashar caji ta kasuwanci na buƙatar wuta irin ta rukunin A, ko kuma ta samar da tata.

Ta fuskar rana kuwa, Sakkwato na cikin wuraren da suka fi ko'ina samun haske a Najeriya. Sai dai yanayin yana da nasa cikas. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, kuma zafi mai tsanani na rage aikin farantan sola, yana kuma rage wa batura kwana. A lokacin hunturu ƙura kan rufe farantan, dole a riƙa wanke su a kai a kai. Shi ya sa tashar sola a wannan yanki ke buƙatar rumfa da ɗakin batura mai iska.

## Abin da ɗan kasuwa ke kashewa

Kuɗin kafa tasha ya kasu kashi huɗu. Na farko shi ne kuɗin na'urar cajin. Na biyu shi ne aikin da ke cikin filin mai tasha: haƙa rami, shimfiɗa waya, akwatin raba wuta da gyaran wurin ajiye mota. Na uku shi ne aikin da ke ɓangaren kamfanin wuta, wato taransifoma, turaku, layi da mita. Na huɗu shi ne kuɗin tafiyarwa, kamar kuɗin wuta, gyara, albashi da tsaro. Sau da yawa kashi na biyu da na uku sukan kai kuɗin na'urar ko su wuce shi.

Na'urar caji mai sauri guda ɗaya mai kilowat 50 na jan wuta daidai da na'urorin sanyaya ɗaki kusan 40 da aka kunna a lokaci guda. Taransifomar unguwa kan kasance mai ƙarfin kVA 200 ko 300 ko 500, kuma galibi ta riga ta ɗauki nauyin gidaje da shaguna. Don haka mai gidan mai ko otal da ke son irin wannan na'ura yakan buƙaci taransifoma tasa ta kansa. A Sakkwato akwai ƙarin nauyi na biyar, wato sola da batura ko janareta da za su riƙe tashar idan an ɗauke wuta.

Tushen wutar shi ke nuna ko sana'ar za ta yi riba. Alal misali, ƙaramar mota kan sha yunit 16 a tafiyar kilomita 100. A farashin naira 209.50 wannan ya kama naira 3,350, idan aka ƙara wutar da ke salwanta wajen caji ya kai kusan naira 3,700. Motar fetur da ke shan lita 8 a wannan tafiya za ta ci naira 7,200 idan lita tana naira 900. Ratar da ke tsakani ita ce mai tasha da direba za su raba. Idan kuwa da janareta aka yi cajin, lita ɗaya ta man dizal na ba da kusan yunit 3 ne kawai. A kan naira 1,200 kowace lita, yunit ɗaya ya tashi naira 400, tafiyar kilomita 100 kuma ta kai kusan naira 7,000. A nan ribar ta ƙare.

Wurin da aka kafa tasha ma yana da tasiri. Matsakaicin caji ya fi dacewa da inda ababen hawa ke daɗewa a tsaye. Unguwar Gawon Nama misali ce, domin a nan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yake, a kan Titin Garba Nadama, inda ma'aikata ke ajiye motoci tsawon yini, masu Keke Napep da 'yan kabu-kabu kuma ke jiran fasinja a bakin ƙofa. Caji mai sauri kuwa ya fi amfani a hanyoyin fita gari: ta Birnin Kebbi mai nisan kusan kilomita 150, ta Gusau mai fiye da kilomita 200, da ta Illela da ke kan iyakar Nijar.

## Rangwamen kamfanin wuta

Ana yawan gauraya kalmomi uku a wannan fanni. Tallafi kuɗi ne da ake bayarwa ba tare da an biya ba. Lamuni bashi ne da za a biya daga baya. Rangwame, a ma'anar da ake nufi a nan, shi ne ɗan kasuwa ya fara kashe kuɗinsa ya kammala aiki, sannan a mayar masa da wani kaso bayan an duba an tabbatar.

Kamfanin wuta na yarda ya biya ne saboda dalilai uku. Kowace tasha sabon abokin ciniki ce da zai daɗe yana sayen wuta. Ana iya karkatar da caji zuwa tsakar dare, lokacin da layuka ba su da nauyi, ta yadda kayan da aka riga aka kafa za su ƙara kawo kuɗi. Sannan hukumomin da ke sa ido kan harkar wuta kan ba kamfani damar maido da abin da ya kashe ta hanyar kuɗin wutar da jama'a ke biya.

Matakan da aka saba bi su ne:

1. Ɗan kasuwa ya nemi shiga shirin kafin ya fara aiki.
2. Injiniyoyin kamfani su duba wurin da ƙarfin layin da ke kusa.
3. A amince, a keɓe masa kuɗi na wani wa'adi.
4. Ya sayi na'ura daga jerin waɗanda aka amince da su, ƙwararren ma'aikacin lantarki mai lasisi ya kafa ta.
5. A duba aikin, ya gabatar da rasit, a biya shi.

Galibi akan gindaya sharuɗɗa: tashar ta ci gaba da aiki na wasu shekaru, mai ita ya riƙa ba da bayanan wutar da ake sha, kuma wanda ya buɗe tasharsa ga kowa ya fi samun kaso mai yawa.

### A Amurka da Birtaniya

A jihar Kalifoniya hukumar kula da kamfanonin wuta ta hana su mallakar tashoshin caji a 2011, don kada su danne 'yan kasuwa. Ta janye hanin a Disamban 2014. A 2016 ta amince wa kamfanin Southern California Edison ya fara shirin Charge Ready da dala miliyan 22, a 2020 kuma ta amince da faɗaɗa shi da dala miliyan 436 domin wuraren caji kusan 38,000. Jihar New York ta buɗe nata shirin a watan Yulin 2020 da dala miliyan 701, ta ƙara shi zuwa dala biliyan 1.24 a 2023. A can kamfanonin wuta sun riƙa biyan kashi 50, ko 90, ko 100 cikin 100 na kuɗin kai wuta wurin, gwargwadon ko tashar ta jama'a ce da kuma ko tana unguwar marasa ƙarfi.

Gwamnatin tarayyar Amurka ta ƙara da sassaucin haraji. Dokar 2022 ta ba 'yan kasuwa damar cire har kashi 30 cikin 100 na kuɗin na'ura daga harajinsu, ba fiye da dala 100,000 kan kowace ɗaya ba, a yankunan karkara da na masu ƙaramin ƙarfi. Wata doka ta Yulin 2025 ta tsayar da 30 ga Yunin 2026 a matsayin ranar rufe wannan dama. A Birtaniya gwamnati ce ke biya kai tsaye. Shirinta na wuraren aiki, wanda ya fara a 2016, ya riƙa biyan fam 350 kan kowane soket daga 2020, har soket 40 ga mai nema ɗaya, muddin bai wuce kashi 75 cikin 100 na kuɗin ba.

### A Afirka

Ƙasashen Afirka sun fi bin hanyar rage kuɗin wuta da haraji. A 2021 Ruwanda ta yafe harajin shigo da motocin lantarki da kayan caji, ta sa tashoshin caji su riƙa biyan wuta a farashin masana'antu, ta kuma ba da filayen gwamnati kyauta don kafa su. A watan Afrilun 2023 Kenya ta fitar da farashi na musamman ga masu caji: shilin 16 kan yunit a lokacin da ake yawan amfani da wuta, shilin 8 kuma a lokacin da buƙata ta ragu. Habasha, wadda ke da wuta mai araha daga madatsun ruwa, ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da dizal a farkon 2024.

## Tallafi a Najeriya

A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Lita da ake sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin kwanaki, kuma zuwa Oktoban 2024 ta wuce naira 1,000 a garuruwa da dama. Wannan ya ƙara jawo hankali kan motocin iskar gas da na lantarki. A Oktoban 2024 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta sanar da yafe harajin VAT kan wasu kayayyakin makamashi, ciki har da motocin lantarki. Tun kafin nan, a taron sauyin yanayi na 2021, Najeriya ta yi alkawarin daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shafewa nan da 2060.

A arewa, Jihar Borno ce ta fi yin gaba. A Maiduguri Mustapha Gajibo ya kafa kamfanin da ke mayar da ƙananan bas-bas na fetur zuwa na lantarki, kuma a Disamban 2023 gwamnatin Babagana Zulum ta ƙaddamar da tasi masu aiki da lantarki don sufurin cikin gari.

Akwai tsare-tsare uku a harkar wutar Najeriya da suka yi kama da rangwame, ko da yake ba don cajin mota aka yi su ba:

* Kuɗin mita. Ƙa'idar NERC ta 2021 ta tanadi cewa wanda ya sayi mita da kuɗinsa za a mayar masa a hankali ta hanyar ƙarin yunit.
* Zuba jari a layukan wuta. Ƙa'idar 2015 ta ba mutum ko unguwa damar ƙulla yarjejeniya da kamfanin wuta kafin sayen taransifoma ko turaku, domin a maido musu da kuɗinsu. Wanda ya saya ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba yakan sha wahalar neman haƙƙinsa.
* Tallafin ƙananan tashoshin sola. Hukumar Samar da Wuta a Karkara, REA, na biyan kamfanoni wani adadi kan kowane gida ko shago da suka haɗa da wuta, bayan an tabbatar da aikin. Bankin Duniya ya ba da dala miliyan 350 don wannan shiri a 2018, ya kuma amince da wasu dala miliyan 750 a Disamban 2023.

Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa hukumominsu na kula da wuta da tsara farashi a cikin iyakokinsu. Hakan na nufin jiha na iya fitar da farashi na musamman ga tashoshin caji, irin wanda Kenya ta yi, idan ta karɓi wannan iko.

## Muhawara

Masu sukar rangwamen kamfanin wuta na cewa kuɗin daga aljihun duk masu biyan wuta yake fitowa, har da talakan da bai mallaki mota ba, alhali masu hali ne suka fi sayen motocin lantarki. Masu goyon baya na amsawa da cewa ƙarin cinikin wuta na raba nauyin kula da layuka a kan yunit masu yawa, abin da kan iya sauƙaƙa farashi ga kowa. Wannan hujja tana tsayawa ne inda kamfani ke da rarar wutar sayarwa. Inda ake raba wuta da awanni, kamar Sakkwato, duk yunit da ya tafi mota ana iya cewa an rage shi ne daga gida ko shagon walda ko injin niƙa.

Akwai kuma batun lalacewa. An sha kafa na'urori da kuɗin tallafi a bar su babu gyara. Saboda haka Amurka ta shar'anta cewa tashoshin da aka gina da kuɗin shirinta na tarayya su kasance suna aiki kashi 97 cikin 100 na lokaci, Birtaniya kuma ta sa kashi 99 ga masu caji mai sauri a ƙa'idarta ta 2023. A Najeriya wannan matsala ta haɗa da ƙarancin kayan gyara, da ƙarancin ƙwararrun masu gyara, da satar waya da batura.

Muhawara ta uku ita ce kan wane abin hawa ya kamata a fara da shi. A Sakkwato babura da Keke Napep ne ke ɗaukar akasarin fasinjojin cikin gari. Batirinsu ƙarami ne, yunit kaɗan ke cika shi, kuma rumfar sola mai girman ta jami'a na iya ɗaukar da yawa daga cikinsu a yini ba tare da taransifoma ba. Su ne kuma suka fi jin tsadar fetur, tunda kullum suke saye. Masu wannan ra'ayi na ganin tallafi kan sola da batura da wuraren musayar batir zai fi amfanar birnin fiye da tallafi kan manyan na'urorin caji mai sauri, waɗanda ke jiran motocin da har yanzu ba su yawaita a titunan arewa ba.

## Duba kuma

* Jelani Aliyu
* Jami'ar Usmanu Danfodiyo
* Motar lantarki
* Makamashin hasken rana a Najeriya
* Kaduna Electric
* Cire tallafin man fetur a Najeriya